Mai Motsa Baki a Benci na Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina jagorantar mawaƙan cocinmu, kuma duk tsawon nan ban taɓa yin sujada a gefen mijina ba. Ni ina gaba, ina kaɗa hannu, ina hararar duk wadda ta kauce. Shi yana benci na huɗu, kusa da taga. In na juyo lokacin waƙar jama'a, nakan hango bakinsa yana buɗewa yana rufewa daidai da na kowa, sai in ce a raina, to, Baban Auta yana ƙoƙari.

Ni mace ce mai baki, ba sai an gaya mini ba. A bayan idona mawaƙa Almakashi suke ce mini, kuma a da yabo nake ɗaukarsa. Ba na zagi, ba na ƙarya, ba na gulma. Gaskiya kawai nake faɗa, sai dai a gaban mutane nake faɗarta, da ɗan gishiri don a yi dariya. Duk ranar da fasto ya yi wa'azi a kan harshe, nakan waiga in ga ko matar mai kemis tana saurare.

Bara muryata ta dishe, ta ƙi dawowa. Likita ya leƙa maƙogwarona ya ce ɗan ƙari ne, aka yi mini aiki aka cire. Daga nan ya kafa mini doka: kwana goma sha huɗu ba magana, ko raɗa. Auta, 'yarmu ta ƙarshe wadda ta raka ni, sai da ta dafa bango don dariya.

"Likita, ka san wadda kake gaya wa kuwa?" in ji ta.

Mijina mai gyaran takalma ne. Ya sayo mini ƙaramin littafi da biro, ya ɗaure su da zaren ɗinkinsa, ya rataya mini a wuya. Ranar farko na cika shafi shida. Zuwa rana ta uku na lura da wani abu: kafin in gama rubuta "wa ya bar cokali a cikin tukunya", haushin ya riga ya huce, tukunyar kuma ba ta mutu ba. Gidan ya yi tsit, kuma na ji kunya da na ga kowa ya fi sakewa.

Ranar Lahadi, kwana na biyar, na zauna a benci na huɗu. Aka tashi waƙar farko, Baban Auta ya miƙe, ya buɗe baki. Ban ji komai ba. Na matsa har kafaɗata ta taɓa tasa. Leɓɓansa suna bin kowace kalma, ƙirjinsa yana jan numfashi a inda ya dace, amma ko ɗigon sauti ba ya fita. Haka aka yi a waƙa ta biyu, haka a ta uku.

Muna shiga gida na rubuta, "Kai ma maƙogwaron ne?"

Ya karanta ya yi murmushi. "Lafiyata lau, Malama." Haka yake kirana tun muna samari da 'yan mata.

"Me ya hana ka waƙa?"

"Ai ni ba na yi."

"Tun yaushe?"

Ya zauna a bakin gado yana kwance igiyar takalminsa, bai ko ɗago ba. "Tun da kika ce. Kin manta? Lokacin da aka ba ki mawaƙa, ni ma na zo koyo. Sati biyu na yi. A na biyun kika tsayar da kowa, kika ce, kai mai takalma, ka riƙa motsa baki kawai, Allah yana jin na zuci. Aka yi ta dariya. Ni ma na yi."

Ba da zafi ya faɗa ba, kamar mai ba da labarin ruwan saman da aka yi bara. Na zauna na laluba ƙwaƙwalwata sama da ƙasa. Na tuna rigar da yake yawan sawa a shekarun nan, na tuna kekensa mai kuka, amma wannan maganar ban same ta ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ni na yar da ita na wuce, shi ya tsince ta ya riƙe shekara talatin da ɗaya.

Na jawo littafin na rubuta, "To me ya sa ka aure ni?"

"Waƙa kika ce ban iya ba," in ji shi. "Ba ki ce kar in ƙara zuwa ƙofar gidanku ba."

Na rubuta, "Ka yafe mini." Ya yage takardar a hankali daga littafin, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce ya yafe tun kafin a haifi babban yaronmu, in tashi in zuba masa abinci.

Na yarda ya yafe, amma yafiya ba ta mayar masa da muryarsa ba. Washegari na kai masa abincin rana a shago, na tsaya a bakin ƙofa bai gan ni ba. Yana buga wa wani takalmi dunduniya, guduma tana sauka daidai da kiɗan wata waƙar yabo da na sani, ƙafarsa tana bi, bakinsa yana motsi. Shi kaɗai ne a ciki, daga shi sai tarin takalman mutane, amma ko a nan ba ya barin sauti ya fita. Magana zarar bunu ce, na sha faɗa wa 'ya'yana. Ban taɓa zaton a ɗakina aka zare ba.

Sauran kwana takwas ɗin nan sun fi na farko tsawo. Ni da aka sani da doguwar addu'a mai ado, sai ga shi abu ɗaya nake ta maimaitawa a zuci: Yesu, kai ka yi bakin nan, ni na ɓata shi, in za ka mayar mini da shi ka tsare ƙofarsa.

Ranar da wa'adi ya cika, likita ya ce in fara magana kaɗan kaɗan, waƙa kuwa sai bayan wata uku. A hanya Auta ta yi ta tsokanata, wai ta san kalmata ta farko a kan labulen da ta ƙona da dutsen guga za ta sauka. Na kalle ta, maganar ta zo har kan harshena da gishirinta da komai, na haɗiye. Na sauka a bakin shago, na yi mata alama ta wuce gida.

Yana zaune da basilla a hannu, yana ɗinka wa wani takalmin makaranta baki.

"Baban Auta," na ce. Muryar ta fito siririya, kamar ba tawa ba.

Ya ɗago da sauri. "A'a, ta dawo? Mun gode Allah."

"Ka yi mini waƙa."

Ya yi dariya, ya koma kan ɗinkinsa. "Malama, kada ki ɓata ta a kan wasa."

"An hana ni har wata uku, kuma ina marmari. Wadda kake bugawa da guduma."

Ya ɗago ya kalle ni. Ya leƙa waje, ya ga ba kowa. Ya ajiye basillar, ya goge hannu a gwiwa, ya gyara murya har sau uku.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ƙara mata ba: bai iya ba. Ya ɗauko ta can ƙasa, a layi na biyu ya kauce hanya. Hannuna na dama ya tashi da kansa, yadda ya saba. Yana ganinsa ya yanke a tsakiyar kalma, ya shirya murmushin nan na wanda ya san abin da ke tafe.

Na sauke hannun, na zauna a kansa.

"Ci gaba," na ce. "Baiti biyar ne."

Ya ci gaba, idonsa a kan takalmin da ke cinyarsa, muryar tana rawa tana ƙara ƙarfi. Da ya kai baiti na huɗu, wanda mu mawaƙa muka saba tsallakewa don kada sujada ta yi tsawo, sai na ga ashe ban san kalmominsa ba. Shi ya san su duka. Na yi shiru ina koyo.