Lambar Nazzarena

Yayata Nazzarena ba ta mutu ba sai da ta ɗora mini aiki. Tana kwance, numfashi da ƙyar, ta damƙe mini hannu ta ce, "Palmira, lambata a gaba, ni a baya. Kada ki yi mini shirme."

"Na ji, Yaya. Ko yanzu ba za ki bar mutum ya huta ba?"

A ƙauyenmu haka ake yi. Mai lambar girma in ya rasu, sai a ɗora lambar a kan ɗan matashin kai, a riƙe ta a gaban akwatin gawa tun daga coci har makabarta. Ta Nazzarena ɗan gicciye ne da manyan coci na Roma ke ba masu yi wa ɗakin Maryamu na kan dutse hidima. Gidanmu yana bakin hanyar hawa. Tun bayan yaƙi, duk mai ziyarar da ya taho a ƙafa sai ya sha miyar wakenta da burodi, ta jiƙa masa ƙafa a ruwan gishiri. Ni ke faskara itacen, ban samu ko allura ba, amma wannan wata magana ce.

Da safen jana'iza na kai wa limamin cocinmu, Fada Eligio, lambar da matashin. Sabo ne, bai shekara a garin ba.

"Iya Palmira, sai haƙuri," in ji shi. "An soke lambar nan. Roma ta daina ba da ita tuntuni, kuma an ce mana a bar ɗaukar ta a matashi."

"An soke? Waken da mutane suka ci ma an soke shi?"

"Ba ni na kafa dokar ba."

"Ai na sani. Ranar da aka maƙala mata ita kana tsotson yatsa."

Kunnuwansa suka yi ja. Ya karɓe matashin ya jefa a kabad, ya miƙo mini lambar. Allah ya sani, raina bai taɓa ɓaci haka ba.

A waje na tarar da Quinto kafinta, wanda ya ƙera akwatin. Na gaya masa. Ya ce, "Bar shi kawai, Palmira. Mu sa mata a ciki, ba wanda zai sani."

"Ji sakarai! Abin da ba na so ke nan."

Da aka idar da addu'a aka fito da akwatin, Quinto da maza uku suna ɗauke da shi. Mai ɗauke da babban gicciyen coci ya tsaya a gaba, Fada a bayansa. Ni kuwa na maƙala lambar a ƙirjin baƙar rigata, na dogara sandata, na shiga tsakanin Fada da gawar.

"Iya, wurinki yana baya, tare da dangi."

"Ka ce ba matashi. To dube ni da kyau, Fada, akwai matashin da ya fi ni laushi a garin nan?"

Wata ta fashe da dariya ta toshe baki da mayafi.

"Don Allah ki cire ta," ya ce a hankali.

Na turo ƙirji gaba. "Bismillah, cire da hannunka."

Ina! Wane Fada ne zai kai hannu ƙirjin tsohuwa a gaban gari duka? Ya dubi lambar, ya dubi jama'a, ya juya ya kama hanya.

Sauri ya yi ta yi don a gama, amma gwiwoyina ba su san sauri ba, hanyar makabarta kuwa hawa ce. Quinto, Allah ya saka masa, ya bi takuna. Can Fada ya waiga ya ga shi kaɗai ne da mai gicciye, dole ya tsaya jira. Wasu masu ziyara da ke saukowa daga dutse suka ratse suka cire huluna. Wani tsoho a cikinsu ya ƙura wa ƙirjina ido ya ce, "Mai waken nan ce?"

"Ita ce."

Ya bar 'yan tafiyarsa ya shiga sahu.

Dab da ƙofar makabarta ƙafar hagu ta ƙi. Na ji ina sulalewa, sandar tana rawa. Tsoro ya kama ni, don in na faɗi za a janye ni gefe, akwatin ya wuce, shi ke nan na saɓa wa Yaya a bakin ƙofa.

Sai ga Fada Eligio ya dawo da sassarfa, ya miƙo mini hannu. Na harare shi, amma na kama.

"Riƙe ni," na ce, "amma kada ƙafarka ta wuce tawa."

Bai wuce ba. Ni na fara shiga, akwatin yana biye. Sai a nan kuka ya ƙwace mini, na yi shi da ƙarfi, ban damu da wanda ya ji ba.