Taga ta Uku a Hannun Dama

Shekara talatin da wani abu ina shiga jiragen ruwan Turawa a tashar garinmu Galle, irin masu dogon sanda da ƙyalle da iska ke turawa, amma ko ɗaya bai taɓa motsawa da ni a ciki ba. Mijina Tasim gyaran tagogi yake yi, waɗannan ƙananan na jikin jirgi da ke dab da ruwa. In ya liƙa gam ya bushe, sai in shiga in barbaɗa hodar jarirai ƙarƙashin kowace taga, shi kuma ya tsaya waje cikin kwale-kwale yana feshi da tiyo. In ruwa ya shigo, zai ja siririn layi a cikin hodar, sai in ƙwanƙwasa jikin jirgin sau biyu. In babu, sau ɗaya. Aikina ke nan. Abin da na ce shi ake bi, don babu mai gani sai ni.

Ɗanmu ɗaya, Rifkan. Ya bi wani jirgi yana ja musu igiya yana wanke kwanuka, ya ce wata uku zai yi. Shekara tara ke nan. Da salla yakan kira a waya ta bidiyo, fuskarsa ta daskare baki buɗe, ni kuma in yi ta yi wa hoton magana har a ce mini ai ya daɗe da yankewa.

To bara, lokacin da jirage ke shigowa daga gabas, sai ga shi. Wai yanzu shi ne matuƙi, yana tuƙa jirgin wani tsohon Bature mai jan hanci, za su Bahar Maliya. Kada ku ce kewarmu ta kawo shi. Tagogi shida ne ke yoyo, katifar Baturen ta jiƙe.

"Kwana nawa aikin?" Abin da ya fara tambayar ubansa ke nan, hannuna ma bai gama shafa kansa ba.

Tasim ya ce, "Huɗu. Yini ɗaya a cire a kankare, yini ɗaya a liƙa, biyu a bar shi ya bushe."

"Ba za a yi a uku ba, Wappa? Iska ta kusa juyawa." Wappa, haka muke kiran uba a nan.

"Je ka tambayi gam ɗin. In ya yarda, ni ma na yarda."

A jirgi yake kwana, wai Baturen ba ya son a bar shi shi kaɗai. Amma da azahar yakan zo gida cin abinci. Ranar farko ya nemi cokali. Na ce cokulanmu sun tafi Bahar Maliya. Ya yi dariya ya sa hannu, ya cinye shinkafa da miyar kifi har ya suɗe kwano. Ya yi baƙi, ya yi gemu, akwai tabo a haɓarsa da ban san ranar da ya samu ba. Na zauna ina kallon yadda yake tauna. Ɓangare ɗaya yake taunawa, yadda yake yi tun yana yaro.

Ranar gwaji na shiga da hodata da gorar ruwan shana. Tasim ya fesa ta farko, na ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ta biyu, sau ɗaya. Da ya zo ta uku a hannun dama, na duba, ƙaf take kamar tafin hannuna. Na ji takun Rifkan a sama yana naɗe igiya, yana fito da bakinsa. Ban yi wani dogon tunani ba. Na tsoma ɗan yatsa a gora, na ɗiga ɗigo biyu a gefen tagar, na bar shi ya gangara. Layin ya fito kyakkyawa. Na ƙwanƙwasa sau biyu.

Tasim ya hawo ya leƙa. Ya daɗe yana kallon layin, ya kalle ni, na kalli rufi.

Ya ce, "To. Sai a cire."

Kwana huɗu na samu. Na yi masa roti, gurasarmu ta kwakwa, na yi masa watalappan, kayan zaƙin nan namu, da ƙwai takwas, na kai shi gidan ƙanwata ya ga 'yarta Nusra da ta gama makaranta. Ya gaishe ta kamar mai gaida ɗan sanda, ya dawo. Na ɗinke masa riguna uku, har da wadda ba ta yage ba.

Gwaji na biyu, na sake ɗiga ruwan a tagar nan, na ƙwanƙwasa sau biyu. Wanda ya yi sau ɗaya ai ya iya. Baturen ya shigo da kansa, ya durƙusa yana duba hodar da tocila, hancin ya ƙara ja. Ya yi ta magana da yarensa. Ban ji ba, amma na san ba addu'a yake mana ba.

Da azahar ɗin nan Rifkan bai ci sosai ba. Ya ture kwano ya ce, "Wappa, in faɗi gaskiya? Hannunka ya tsufa."

Tasim yana cire ƙayar kifi, bai ɗago ba.

"Ba laifi ba ne, shekaru ne. Idonka ma na ga kana matse shi. Mai jirgi ya ce in wannan karon ta sake, zai kira yaran nan masu gyara na wancan gefen tasha. Kuma ya faɗa wa na jirgin kusa da mu. Kunya duk ta ishe ni, ni na ce masa ubana babu kamarsa."

Na ce, "Kai, ka iya bakinka. Da wannan hannun aka ciyar da kai har ka yi gemu."

"Umma, ke ce fa kika ga ruwan, ba ni ba."

Na ɗauke kwanon da ya ture.

Tasim ya wanke hannu ya ce, "Bari in je in kankare, rana na yi."

Na bi shi da shayi. Yana zaune cikin kwale-kwale, rana a tsakiyar kansa, yana kankare gam ɗin da shi ya san lafiyarsa ƙalau, a hankali, da 'yar wuƙarsa, don kada ya karce fenti. Mutumin da tun da nake da shi taga ba ta taɓa dawo masa ba. Wasu matasa masu gyaran inji suka wuce ta kan gada, ɗaya ya ce, "Baba Tasim, tagar nan ta aure ka ne?" Suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi musu murmushi. Na ajiye shayin na koma gida.

Kwana huɗun nan na uku ban ji daɗinsu ba. Yaron yana zuwa yana ci, idonsa na kan sama yana duba gajimare. Na gane ko na ɗaure shi a ƙafar gado, rabinsa ya riga ya tafi.

Ranar gwaji na shiga, gorar na hannuna. Na barbaɗa hoda. Ta cikin tagar ina ganin Tasim, ruwa na gangarowa a kan gilashin, fuskarsa na narkewa tana dawowa. Ya daɗe a kan ta ukun nan, ya fi yadda ya saba, ya fesa sama, ya fesa ƙasa, ya tsaya yana jira. Na buɗe gorar. Na sha. Na ƙwanƙwasa sau ɗaya.

Washegari da hantsi suka tashi. Rifkan ya rungume ni, yana ƙanshin gishiri da man inji, ya ce shekara mai zuwa in Allah ya so. Na ce to. Ya riƙe hannun ubansa ya ce, "Ka yi haƙuri da maganar ranar nan, Wappa." Tasim ya ce ya riƙa ɗauraye tagogin da ruwan daɗi, kada ya goge da busasshen tsumma.

Muka hau ganuwar garin da ke bakin teku muna kallo har ƙyallen ya zama kamar farce, har ya zama ni ce kawai nake cewa ina ganinsa. Tasim ya ce mu tafi, ƙafarsa ta gaji.

Muna saukowa, bai ko kalle ni ba, ya ce, "Na sayi gam kwalba biyu jiya. Na ɗauka za ki ce ta hagu ma."

Na tsaya a kan matakala. "Da ka cire?"

"Da na cire."

"Su yi ta yi maka dariya a tasha?"

"Kwana huɗu ne fa, Siti."

Na ce masa ya yi tafiya, yana tare wa mutane hanya. Muka biya kasuwa. Mai kifi ya ɗauko mini manya uku kamar yadda ya saba a 'yan kwanakin nan, na ce ya mayar da ɗaya.