Hannun Turai Mai Ƙunshi

Shekara talatin da 'yan kai Turai ta yi tana yi wa amaren Tudun Kaya ƙunshi. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu, amma ta ci gaba da zama a gidan ƙaninsa Maharazu, don ita ta yaye 'yarsa Mariya, ta riƙe ta har ta isa aure. Buri ɗaya ya rage mata: ranar bikin Mariya, ita za ta ƙunsa mata lalle da hannunta.

Da damunar 1988 wani farin tabo ya fito mata a bayan hannu, kamar an ɗiga nono. Ta ce ƙyasfi ne, ta kwaɓa farar wuta da man shanu ta shafa. Bai tafi ba, sai ma ya kira 'yan'uwansa. Kunya ta sa ta yi abin da ta fi iyawa, ta rufe shi da lalle. Baƙar fata ba ta nuna lalle sosai, amma a kan farin nan sai ya kama, ya yi ja kamar tagulla.

Barira, matar Maharazu, ita ta fara gani a bakin murhu.

"Yaya, mene ne wannan a hannunki? A'a, bar shi nan, ina gani daga nan."

"Lalle ne na sa."

"Lalle a bayan hannu, tsilli-tsilli? Yaya, da fari ne da sauƙi. Ja kuwa kin san sunansa."

Ba wanda ya faɗi sunan. Kwanonta dai aka ware, aka ɗaura wa butarta jan tsumma, aka mayar da shimfiɗar Mariya ɗakin uwarta. Wasu suka ce kifi ta haɗa da nono, wasu suka ce tsaka ce ta faɗa mata a tulu. Rabin garin haɗin da suke yi ke nan ranar kasuwa, tsaka kuwa ba ɗakin da ba ta kwana, amma ba wanda ya tsaya yin wannan lissafi. Amare suka daina zuwa. Gaisuwa ba ta ragu ba, har ƙara tsawo ta yi, sai dai daga bakin ƙofa.

Da aka sa ranar Mariya, Turai ta hau mota zuwa asibitin Ƙaraye. Ma'aikacin da ke duba ciwon fata, Malam Shitu, ya dubi hannun, ya dube ta.

"Baba, me kika shafa?"

"Lalle."

"Haba Baba! Kin kira ni duba bango, kin riga kin yi masa fenti. Jan nan naki ne ko na ciwon? Ki koma, kada ki sa komai, sai bayan sati huɗu."

"Bikin 'yata saura sati biyar."

"To kin ga akwai sauran ɗaya."

Sati huɗun nan ta yi su tana kallon jan yana kwashewa, farin da ta ɓoye yana fitowa fili, har kan yatsu. Ba ta rufe shi da mayafi ba. Wa ma ke matsowa ya gani?

Da ta koma, Malam Shitu ya murza 'yar auduga ya ce ta rufe ido, duk inda ta ji ta nuna. Ya kama wuyan hannunta ya juya shi. Rabon da wani ya taɓa ta tun kafin gero ya fid da kai.

"Nan," ta ce. "Nan. Nan ma."

Ya taɓa tsakiyar babban tabon. Ta yi shiru.

"Ba ki ji ba, Baba?"

"Na ji, ɗan nan. Ban dai so ka gama da wuri ba ne."

Ya ci gaba da riƙe hannun. Sannan ya ce albaras ne, ba kuturta ba. Tabon kuturta ba ya jin taɓi. Nata kuwa, launi ne kawai ya bar fatar. Ba a ɗaukarsa a kwano, ba a ɗaukarsa a gaisuwa. Ta riƙa shafa man kaɗe, ta guji zafin rana. Ya rubuta mata a takarda, ya buga hatimi.

Maharazu, da yake magatakardan dagaci ne, sau biyu ya karanta takardar a zaure.

"Ni na yarda, Yaya, wallahi na yarda. Amma dangin ango fa? Ɗaya bayan ɗaya zan bi su da ita? Ga shi Barira ta riga ta aika Rogo a kira mai ƙunshi."

Ya miƙo mata takardar, ya riƙe ta da bakin yatsu biyu.

Ranar ƙunshi Turai ta zauna a ɗaki, tana jin guɗa a tsakar gida. Garin lallen da ta daka tun bara, ta tankaɗe sau uku, yana nan cikin ƙwarya a rufe. Bayan la'asar labule ya motsa. Mariya ce, hannu biyu cikin zunguru, ƙafafu a naɗe da ganye da tsumma, tana takawa a kan dunduniya.

"Inna, matar nan ta ɗaure min ƙafa kamar za a kai akuya kasuwa. Har ta fara tsami."

"Je ki ta sassauta miki."

"Ta ce haka ake yi a Rogo." Ta zauna a kan dokin ƙofa, ta miƙo ƙafar. "Ni ga hannuna a rufe. Ko in kwana da ita haka?"

Turai ta dubi tsakar gida. Sannan ta ɗora ƙafar a cinyarta ta kwance ƙullin. Lallen ya yi ruwa, ya zarce gefen ƙafa. Ta sa yatsa ta share bakinsa, ta miƙe layin, ta mayar da ganyen, ta ɗaure yadda take ɗaurewa.

"Mariya! Ina amaryar ta shiga ne?" Muryar Barira ce.

Yarinyar ta miƙe, ta sunkuyar da kai ta goga goshinta a kafaɗar Turai, ta fita tana ɗingishi.

Lallen ya kama farin yatsan, ja ƙwarai. Turai ta ɗauko butarta mai jan tsumma za ta wanke, ta dubi yatsan, ta mayar da butar ta ajiye. Da sauran lokaci kafin magariba.