Sandar Rediyo a Kan Ɗakin Dada

Ranar da na jingina taɓarya da sandar rediyon Madu na ga sandar ta motsa, daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Sandar nan gangar giginya ce guda, doguwa, an ɗaure bututun ƙarfe a ƙolinta, waya ta sauko daga can zuwa rumfar Madu. Shi Madu tsohon soja ne. Da ya dawo daga yaƙin Turawa a ƙasar Bama sai ya sauka Nguru da akwatin rediyo da ɗan injin ba shi wuta. Da wayar sama yake kamo Kaduna, sannan ya raba maganar ta wasu wayoyin zuwa ƙananan akwatuna a gidajen mutane, da wani ƙaton ƙaho a bakin kasuwa. In shiri ya ƙare shi da kansa yake magana: an haihu a gidan wane, jakin wane ya ɓata, jirgin Kano zai makara. Gidan rediyon Madu muke ce wa wurin, ko da yake rumfar kwano ce da ba ta fi ɗakin girkina ba.

Lokacin da aka kafa sandar nan bayan gari ne, mashekarin shanun mahaifina Hamajoɗa. Babu kowa sai mu da turakunmu. Wayoyi huɗu aka ja ta da su, kowacce a ɗaure da turke. Yanzu kuwa sai ka zo ka sha kallo. Ma'aikatan reluwe, 'yan dakon gyaɗa, masu sayen fata, kowa ya samu wuri ya tsuguna, shanu kuma tuni suka koma wajen Kumagannam. Wannan ya zo gina katanga waya ta tare shi ya tsinke ta, wancan ya tumɓuke turke ya yi murhu a wurin. Guda ɗaya ta rage, ta gabas, duk tsatsa, mata na shanya a kanta. Kuma rariyar kowane gida a gindin sandar take zuba.

Ɗakin mahaifiyata Dada yana yamma da ita, daidai inda tsawonta zai kai in ta faɗi. Hadarinmu kuwa kowa ya sani daga gabas yake tasowa. Ga damina a bakin ƙofa, ga Dada ƙafafunta sun daina ɗaukarta tun bara.

Ni ce 'yar farinta, kuma mu Fulani uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun da na yi wayo ban taɓa jin "Hamsatu" a bakinta ba. Da ƙanwata Fadimatu na gida, ta bakinta saƙo yake iso ni. Da aka kai ta gidan miji a Yusufari sai Dada ta koma kan akuyarmu. Ina tsaye a gabanta za ta dubi akuyar ta ce, "A faɗa wa waccan ta rage gishiri." Na saba, amma kada wani ya ce mini ba ya ciwo.

Madu na fara samu. Yana zaune da abin ji a kunne yana murɗa akwatinsa.

Na ce, "Baba Madu, sandarka za ta kashe mini uwa."

Ya ce, "Giginya ce, Hamsatu. Gara ba ta cinta."

"Ba gara ba ce, ruwan kwata ne. Taso ka gani."

Ya taso. Na ɗauki wuƙar da nake yanka kuɓewa na soka a gindin, ta shige har ƙota kamar na soki kabewa. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Akwatin nawa ne, injin nawa ne. Sandar ba tawa ba ce."

"Ta wa ce?"

"Ta Dunoma." Da ƙyar sunan ya fito. Dunoma abokinsa ne da suka fara sana'ar tare. Shi ya sare giginyar a bakin kogin Gashuwa, ya kawo ta, ya kafa da hannunsa. Daga baya suka ɓata, Dunoma ya koma gida Gashuwa ya kama sana'arsa ta kamun kifi, ko gaisuwa ba sa aika wa juna.

Na wuce wurin Bulama Ajimi, mai unguwarmu. Na durƙusa na zayyana masa. Ya saurare ni har ƙarshe, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ya ce, "'Yata, abin da wani ya kafa ba a sare shi sai da bakinsa. Ko kuka ce, ko turke. In na buɗe wannan ƙofa a unguwar da kowa baƙon kowa ne, gobe wani zai rushe katangar wani ya ce ta karkace."

"Ranka ya daɗe, in ta faɗi fa?"

"Kawo mini bakin mai ita, a ranar zan tara maza. Kafin nan ki fitar da tsohuwa."

Ki fitar da tsohuwa. A baki kamar abu mai sauƙi. Na share ɗakina, na yi shimfiɗa, na je ɗaukarta. Ta riƙe ƙafar gado, ta dubi akuya ta ce, "A faɗa wa waccan, a ɗakin nan ubanta ya cika, a nan zan cika." Na yi magiya, na yi faɗa, na yi kuka. Kai, bango ma da ya ji tausayina. Ta juya mini baya.

Washegari da sassafe na bar wa maƙwabciyata Fanna amanar gida, na hau motar da ke zuwa ɗauko kifi a Gashuwa. Hanya ce ta yashi, mota ta kafe mu sauka mu tura, ta ƙara kafewa mu ƙara sauka. Ni dai idona na gabas. Duk ɗan gajimaren da na gani sai gabana ya faɗi.

A bakin kogi na samu Dunoma yana ɗinkin koma, tsoho siriri, gemu fari fat. Na gaishe shi na faɗi ko 'yar wa ce. Jin sunan mahaifina sai ya ajiye allura.

Ya ce, "Madu ne ya aiko ki?"

"Babu wanda ya aiko ni, Baba. Bakinka nake nema, ka ce a sare sandarka."

"Ba ni da sanda a Nguru."

Wallahi saura kaɗan na manta da furfurarsa. Na ce, "Madu ya ce ba tasa ba ce, kai ka ce ba taka ba ce. To aljanu ne suka kafa ta?"

Ya yi 'yar dariya. "Zafin kan Hamajoɗa ne sak. Zauna ki ji. Ranar da zan bar Nguru na rantse Madu ba zai gaji ko ƙusa tawa ba. Na shiga wurin mahaifinki na ce, a ƙasarka take, ka ba mu aro ba ka karɓi komai ba, na ba ka ita halak malak. Ya karɓa. Da ya zo rasuwa na je dubiya, a gabana ya ce wa uwarki, shanu na 'ya'ya ne, sandar nan taki ce. Ba ta faɗa miki ba?"

Ta yaya za ta faɗa mini? Ni kuma ta yaya zan tambaye ta? Na zagaye gari, na ƙetare yashi, ashe bakin da nake nema yana kwance a kan gadon da nake kai wa kunu. Haushi ya cika ni har na rasa wanda zan zaga.

Ban samu motar komawa ba sai wayewar gari. Muka yini a hanya. Muna hango rumbunan gyaɗar tasha bayan la'asar sai iska ta ɗauke cak, zafi ya sauko. Na waiga. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa.

Da gudu na shiga unguwa, zanina a hannu, na faɗa zauren Bulama ko sallama babu. Da na faɗa masa abin da Dunoma ya ce bai tsaya dogon bincike ba, ya aika a kira 'yan dako da igiyoyi da gatura, ya biyo ni har ƙofar ɗakin Dada. Iska ta fara taɓa rufin kwano nan da can. Wayar gabas ta miƙe tana wani siririn kuka.

Bulama ya tsuguna a bakin ƙofa. "Dada, an ce sandar nan taki ce. Haka ne?"

Ta ce, "Haka ne."

"To ki ba mu baki mu kwantar da ita kafin hadari ya iso."

Ta ƙofar ɗakin ana hango sandar, kuma sai a lokacin na lura gadonta a saitinta yake. Ta ce, "Nan shanunsa suke kwana. Kun cike wurin da gini, ko turke ɗaya ba ku bar mini ba. Ita kaɗai ce ta rage da ta san shi. A bar ta."

"Za ta faɗo miki."

"Na sani."

Bulama ya miƙe ya dube ni, ya buɗe hannuwa. Maza na tsaye da gatura, babu wanda ya ɗaga. Na ga sandar ta sunkuyo ta koma, ta ƙara sunkuyowa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na shiga ɗakin, na zauna a ƙasa, na jingina bayana da bangon gabas, na miƙe ƙafa.

Dada ta dubi akuyar da ta raɓe a lungu. "A faɗa wa waccan ta fita."

Na ce wa akuyar, "A faɗa mata ina nan."

Dada ta ce, "Bulama, ku janye ta."

Na ce, "Wanda ya taɓa ni zai bar yatsa a bakina, ko waye."

Babu wanda ya shigo. Iska ta bugi bangon na ji ta a ƙashin bayana, ƙasa na zubo mini a ka daga rufi. Tsoro nake ji, kada ma a ce jarumta ce. A waje wani abu ya yi ƙara kamar an karya rake, wata mata ta yi salati. Dada ta yunƙura a kan gwiwar hannu. Ba ta dubi akuya ba, ba ta dubi ƙofa ba. Ni ta duba, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba.

Ta ce, "Hamsatu. Tashi."

Ashe ta iya faɗar sunana. Ashe haka yake fita a bakinta, a hankali, kamar ta daɗe tana faɗa a ciki.

Da ƙyar na ce, "Sai kin ce a sare, Dada."

Ta rufe ido. "A sare."

Bulama ya ji. Kafin na fito da ita goye a bayana, 'yan dako sun jefa igiya sun zarge sandar. Gefe ɗaya ne kawai babu gidan mutane, kudu, inda rumfar Madu take. Kowa ya gani, babu wanda ya iya faɗa. Madu ya shiga ya fito da akwatin a ka, ya ajiye a zauren Fanna, aka ja injin. Sannan ya karɓi gatari daga hannun wani ya ce, "Ku ja ta kan rumfar." Bai yi sara da yawa ba, gindin ya riga ya gama. Maza suka ja, iska na ja nata, sandar ta tsaya tana rawa a kan ɗakin Dada. Sai ta juya a hankali ta tafi kudu. Rumfar ta baje kamar an taka ƙwarya, ruwa ya tsuge.

A ɗakina Dada ta kwana. Da safe unguwa ta tashi shiru, babu Kaduna, babu cigiyar jaki. Madu na ta tsintar wayoyinsa a cikin taɓo, yana cewa zai nemi fili can bayan tasha inda gini bai kai ba. Na roƙe shi guntun gindin da ya rage a ƙasa, ya ce ai ba nasa ba ne. Na sa aka kewaye shi da ƙaya, na mayar da Dada ɗakinta inda za ta riƙa hangensa.

Na kai mata kunu. Ta kurɓa, ta dubi akuya ta ce, "A faɗa wa waccan ya yi ruwa."

Na fita bayan ɗaki na yi kukana na ƙoshi. Har Allah ya karɓi ranta ba ta ƙara kiran sunana ba, ni kuma ban ƙara jira ba. Na riga na ji.