Shafi na Goma Sha Huɗu

Jan biro ya huda takardar tsabar dannawa. Malama Keziah ce ke soke layi guda a shafi na goma sha huɗu na littafin koyar da haɗa kwamfutoci, inda aka ce a ba kowace kwamfuta lambar adireshi iri ɗaya. Shirme tsagwaronsa! Duk ranar da aka bi littafin, kwamfutoci shidan da ke cibiyarsu ta Zuru sai su daina ganin juna.

Tun 2005 ta aika wa hedikwatar da ta fitar da littafin wasiƙa biyu ɗauke da gyaran, shiru kake ji. Ita dai ta koya wa ɗalibanta daidai, suka gwada, suka gani da idonsu.

Ana gobe jarrabawa Malam Muntaka, mai duba takardu, ya iso daga Birnin Kebbi. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta ta nuna masa kuskuren. Gyaɗa yake ɓarewa, ɓawon yana zuba tsakanin madannai.

"Na gani, Malama," in ji shi. "Amma abin da ac cikin littahi shi munka ɗauka amsa. Darakta da kai nai ya rubuta shi. Wa za shi hiɗi mai?"

"To gobe a kunna, kowa ya haɗa a gani."

"Jarrabawar takarda ta. Wanda duk ya saɓa, ya faɗi."

Keziah ta miƙe ta bar shi da gyaɗarsa. Mutum goma sha biyu ne ke jiranta a aji, ciki har da Philemon, tsohon saje mai furfura, wanda aka yi wa alkawarin aiki a wani ofishi a Ribah in ya kawo takardar shaida.

Ta shiga, ta goge daga allo abin da ta yi wata uku tana koyarwa, ta rubuta ƙaryar da manyan baƙaƙe.

"Wannan za ku rubuta gobe. Ku haddace, jibi ku manta."

Philemon ya kwafe tsaf, sannan ya ɗaga hannu.

"Malama, in na kama aiki, wanne zan yi?"

"Na gaskiya mana, Baba."

"To, wanda zai zo duba aikina, wane littafi ne a hannunsa?"

Keziah ta dubi jan biron da ke kan teburinta. Ta ɗauka ta mayar masa da murfinsa.