Mai Lissafi a Bakin Garke

A rugarmu ba a ƙirga shanu. Ba mu kaɗai ba, duk Fulanin da na sani tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari haka suke. Baffanmu, wato mahaifinmu Malam Ilu, ya san kowace saniya da sunanta da uwarta da mugun halinta, amma ka tambaye shi nawa ne, sai ya ce alhamdu lillahi ya kau da kai. Mun taso muna jin cewa dabbar da aka ƙirga albarkarta ta tafi. Mutum ɗaya ne ke zuwa mana da ƙirga a baki, malamin jangali, shi kuwa ko ruwa ba mu son ba shi.

A irin wannan gida aka haifi yayana Manu, ɗan farin Baffa. Yana ƙarami aka ɗauke shi makarantar boko a Gumel, a zamanin da ake bi ruga-ruga ana neman yara. Ya wuce sakandare, ya wuce jami'a a Zariya. Mu dai mun san yana karatu. Karatun me, babu wanda ya taɓa tambaya, don a ganinmu boko duk ɗaya ne.

Daminar 1974 ya zo dogon hutu, saura masa shekara guda ya gama. Lokacin fari ya riga ya yi mana ɓarna, garken da da yake cika fili ya koma abin tausayi. Ana cikin haka Baffa ya je kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya gamu da Ubale dillali, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

"Malam Ilu, ai kai ka haifi ɗa!" in ji Ubale. "Digirin lissafi fa yake yi. Wallahi kallo ɗaya zai yi wa garke ya faɗa maka adadinsu. Malaman jangali ma yaransa ne."

Shi Ubale yabo yake yi. Baffa kuwa ya dawo gida ko abinci bai taɓa ba.

Baffa ba ya kiran sunan Manu, ba ya kuma yi masa magana kai tsaye, saboda kunyar ɗan fari. Sai ya aika ƙanwarsa, Goggo Yelwa, da saƙo: ko dai wancan ya bar wannan karatu, ko kuwa kada ƙafarsa ta sake taka garke. Kowa a gidan ya san Manu ba zai koma Zariya ba sai da yardar Baffa. Kowa kuma ya san ɗan Fulanin da aka hana shiga garken ubansa baƙo ne a gidansu.

Ni Asama'u raina ya ɓaci ƙwarai, na so ya tashi ya yi gardama. Bai yi ba. Ya ce wa Goggo ya ji, ya ɗauki tabarmarsa ya koma gindin wata aduwa a bayan bukkoki. Da safe in za a kora shanu, sai ya juya baya har su wuce. Da yamma in sun dawo, haka. Mutumin da tun yana ɗan mitsitsi in ya zo hutu a cikin shanu yake wuni!

Ina kai masa fura can, ina leƙen takardunsa. Na ɗan yi ajin yaƙi da jahilci, na san lambobi, amma ban ga ko ɗaya ba. Wasu baƙaƙe ne masu ƙugiya, da zane-zane kamar sawun kaji.

"Hamma, wai ina lissafin?" na tambaye shi, don haka muke kiran yaya.

Ya yi dariya. "Wannan ne. Tambaya ɗaya ce, tun da na zo take wahal da ni."

"Tambaya ɗaya? Ashe kai ma ba ka da kai."

"Kullum ina gaya wa kaina haka," in ji shi, ya ci gaba da rubutu.

Ban taɓa ganin haƙuri irin nasa ba. Ya cika takarda, ya duba, ya soke duka, ya faro daga farko ba ko tsaki. Wani lokacin ya zauna yana tunani har furar ta tsinke, sai ka ga fuskarsa ta washe ya wawuri alƙalami. Ban san abin da yake nema ba, amma na san duk abin da ake nema da irin wannan naci ba abin banza ba ne. Na ƙaunaci yayana a wannan damina fiye da kullum.

Hutu ya zo ƙarshe, maganar tana nan yadda take. Wata ranar da yamma ni da Goggo muna ɗaure maruƙa a dangwali, doguwar igiyar nan mai hannuwa, kowane maraƙi da nasa hannun. Baffa na zaune kan buzu kusa da shinge. Sai Goggo ta ɗaga murya:

"Kai! Maraƙi ɗaya bai dawo ba."

Manu na tsaye can nesa, ya ba garke baya kamar yadda ya saba. Ya ce, "Goggo, ƙirga su kika yi?"

"Allah ya kiyaye! Ga hannun igiya nan ba kowa."

"To wallahi, Goggo, karatuna ke nan. Kowane maraƙi da hannunsa, kowane hannu da maraƙinsa. In sun yi daidai kin sani, in ɗaya ya rasa ɗan'uwansa kin sani, ba ki ce ɗaya, biyu ba. Da wannan malaminmu ya fara mana. Har abubuwan da ba su da iyaka, waɗanda ba mai iya ƙirgawa, da wannan dabara muke gwada su. Ƙirga tun a firamare na baro ta."

Goggo ta riƙe haɓa. "Yanzu har Zariya ka je a koya maka dangwali?"

"Har Zariya. Kuma ban gama iyawa ba."

Na tuntsire da dariya, amma da na dubi Baffa sai na haɗiye ta. Ya daɗe yana kallon igiyar. Sannan ya ce wa Goggo, "Tambayi wancan, shanun nan nawa ne?"

"Ban sani ba," in ji Manu. "Tun da aka hana ni ban ɗaga ido na dube su ba."

"Tambaye shi, ko Wule?"

Wule jikar saniyar da aka ba Manu ran sunansa ce. Da fari ya tsananta Baffa da hannunsa yake sassako mata ganye, har ta rayu.

Manu ya ce, "Ina jin kukanta da safe. Ban gan ta ba."

Baffa ya sunkuyar da kai yana murza bakin buzunsa, ni kuwa hawaye ya riga ya zubo mini. Can ya yi gyaran murya.

"Asama'u, ki ce wa wancan, maraƙin ba zai kawo kansa ba, ya je ya nemo shi ya ɗaure. In ya gama ya haɗa kayansa, gobe ni zan raka shi Gagarawa Tasha ya hau jirgi ya koma Zariya."

Manu ya juyo a hankali. Ya dubi garken, ya ga abin da fari ya bar mana, ya rufe fuska da hannun riga. Sannan ya cire takalmansa ya shiga.