Itacen Kabarin Baba

Lokacin sanyi shi ne kakar masu itace a Dubai. Larabawa na fita rairayi da iyalansu su hura wuta su gasa nama, masu gidajen abinci kuma ba sa ƙoshi. Shi ya sa tun sassafe Rabiou yake kan tarakta a filin itacen da ke bayan unguwar Al Qusais. Aikin ba ya son hannu da yawa. A faskara, a zuba cikin kejin ƙarfe, shi kuma ya zura cokalin tarakta a ƙarƙashi ya ɗaga, ya jera a rumfa, busasshe a gaba, ɗanye a baya inda iska ke ratsawa. Yaron da ya tashi da ɗaukar itace a ka har tsakar kansa ta yi kanta, yau ga shi yana ɗaga kayan jakai da yatsa biyu.

Yana cikin yi wa wata mota lodi wayarsa ta yi ƙara. Yayansa ne Issoufou, daga ƙauyensu a ƙasar Tasawa.

"Rabiou, sai haƙuri. Baba ya cika bayan asuba."

Ya kashe injin, keji na reto a sama. Bakinsa na salati, hawaye na zuba.

"An yi masa wanka, ana haƙa," in ji Issoufou. "Amma itace ne babu. Na aika yara nema."

A garinsu ba a zuba wa mamaci ƙasa haka kawai. Sai an jera itace a bakin ƙaramin ramin kabari, a toshe da ganye da laka. To daji ya ƙare ƙaf, mata ma da kara da kashin shanu suke girki. Waɗanda suka rasu bana da tsohon kwanon rufi aka rufe su. Baba kuwa ya sha faɗa, yana dariya amma har zuci, cewa shi ba kaza ba ne, kada wanda ya kifa masa kwano.

Ɗalhatu, Bakanon da ke kula da filin, ya ƙaraso yana tafa hannu. "Yalla Rabiou, mota na jira!" Da ya ga fuskarsa sai ya yi sanyi. Ya ji abin da ya faru, ya yi ta'aziyya, ya ce ya sauko ya huta.

"Bari in yi aikin, Malam. In na zauna zuciyata fashewa za ta yi."

Ya ci gaba da lodi. Duk kejin da ya ɗaga sai idonsa ya zaɓo masa: wannan miƙaƙƙe ne, wancan mai kauri, tsawonsu daidai faɗin kabari. Ga itace har ya tsere wa katanga tsawo, duk na ɗumama ƙafar masu yawon shan iska ne, mahaifinsa kuwa yana kwance cikin likkafani ana nema masa 'yan sanduna. Ko abincin rana bai ci ba.

Bayan azahar wayar ta sake ƙara.

"An rufe shi," in ji Issoufou. "Da itace, yadda ya so."

"Alhamdu lillahi! Ina kuka samo?"



"To, rufin ɗakinka muka yaye, muka zare azara."

"Ɗakina?"

"Umma ce ta ce a cire. Ta ce mai ɗakin ba dawowa zai yi ba."